Buhun Yashi a Kujerar Baya

Aikin Buhu a garejin yayansa zama ne. Wasu na walda, wasu na fenti, wasu na kwance injin. Shi kuwa in ya iso da safe sai ya wuce rumfar kwanon da ke baya, ya kama gefen jirgin, ya ɗaga ƙafarsa ta dama da hannu ya tura ta ciki, ya baje a kujerar baya. Shi ke nan ya kama aiki.

Jirgin sama ne ƙarami mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Yayan nasa ya shafe shekaru yana ƙera shi da bututun ƙarfe da katako da yadi mai ƙarfi, ya ɗora masa injin wata tsohuwar mota a hanci. 'Yan layin gareji suna ce masa Injiniya. Da ba'a aka fara, amma ya riƙa amsawa da gaske har sunan ya zauna, har ta kai in ka kira shi da wani suna ba ya waiwayowa. Buhu kaɗai ke ce masa Yaya, shi ma sai an ga dama ake amsa masa.

Dalilin zaman kuwa ga shi. Jirgin yana tsaye ne a kan ƙafafun ƙarfe biyu a gaba, kowace da tayarta, sai wata 'yar taya a wutsiya. Ƙafafun ba a kafe suke ba. Daga sama an naɗe kowace da igiyar roba mai kauri, wadda ke miƙewa in nauyi ya hau, ta shanye gargadar hanya. In jirgin fanko ne ƙafafun kan tsuke, tayoyin su karkata. In an hau sai su buɗe, tayoyin su sake fuska. Don haka ba a saita tayar jirgi sai da nauyin da zai ɗauka ranar tashi a cikinsa. Yaya kuwa ba ya yarda kowa ya taɓa masa zaren awo, kuma mutum ba ya zama a sama ya tsuguna a ƙasa lokaci guda. Sai ya ajiye tsofaffin batura a kujerar gaba a madadin kansa, da yake shi ɗan siriri ne, kaɗan suka ishe shi. Kujerar baya ba ta buƙatar batir, tunda mai ita yana nan.

"Wannan taka ce," in ji Yaya, tun jirgin yana ƙarafa zube a ƙasa. "Ranar da zai tashi, da kai zai tashi."

Sau ɗaya ya faɗa, kuma ya faɗa ne ranar da yake neman mai riƙe masa bututu yana walda. Amma Buhu ya ɗauki maganar ya adana. A kanta ya jure zafin kwano da tartsatsin wuta, a kanta ya jure sunan Buhu ma, don ba da shi ya taso ba. Yaya ne ya laƙaba masa ranar da ya fara hawa, robar ta yi ƙara, ƙafafun jirgin suka buɗe.

"Kun gani? Wasu sai sun nemi buhun yashi, ni Allah ya ba ni nawa a gida, har da ƙafafun kai kansa."

Aka yi dariya. Buhu ma ya yi, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba.

Da ba haka yake ba. Lokacin da mahaifinsu ke da rai, garejin yana hannunsa, ƙaramin ne ya fi kowa iya shiga ƙarƙashin mota, ga zafin nama ga hannu mai kyau. Wata rana Yaya ya ɗaga wata motar kaya da jak, ya ƙi tokare ta da katako don yana sauri, ya ce wa ƙanin ya shiga ya kwance masa noti ɗaya kawai. Jak ɗin ya zame. Motar ta sauka a kan kwankwasonsa na dama. Kafin ya farfaɗo a asibiti labari ya riga ya gama layi cewa shi ya shuri jak ɗin da ƙafa, kuma Yaya ne ya ba da labarin. Ƙashin ya haɗe a karkace. Tun daga nan ba ya iya tsuguno, ba ya iya zama a kan ɓarinsa na dama, sai ya zuba nauyinsa duka a hagu. Rashin motsi ya tara masa jiki, jikin ya ƙara danne ƙafar. Ya yi aure, ya sami 'ya ɗaya, matar ta rasu, ya ci gaba da zama a ɗakin da ke jikin garejin yana miƙa wa mutane sufana.

Yaya bai taɓa ba shi haƙuri ba, bai kuma taɓa ce masa ya jiki ba. Abin da ya yi ya fi wannan muni: ya daina ganin ƙafar. In zai yi masa magana sai ya dubi goshinsa, ko ya dubi bango. In Buhu na tahowa yana jan ƙafa, sai Yaya ya sami abin nema a cikin akwatin kayan aiki har ya iso. Mutumin da ke hango karkatar da ba ta kai kaurin farce ba a jikin taya, shekara da shekaru bai ga yadda ƙaninsa ke tafiya ba.

Ƙafar jirgin ta hagu ita ta fi ba Yaya ciwon kai. Ya auna bututun biyu, daidai suke. Ya naɗa musu roba iri ɗaya, naɗi iri ɗaya. Amma da Buhu ya hau sai fiffiken hagu ya sunkuya, kumfar ma'aunin ruwa ta gudu gefe, tayar hagu ta buɗe baki waje. Yaya ya zagi Mai Faci, wanda ke samo masa robar, ya ce ruɓaɓɓiya ya kawo masa. Aka canza, bai sake zani ba. Ya zagi wanda ya sayar masa da bututu. Ya zagi daɓen rumfar, ya sa aka fasa aka sake. Daga ƙarshe ya ƙara wa ƙafar hagu naɗin roba har ta yi tauri, fukafukan suka daidaita, sannan ya tsuguna da zarensa da allinsa, yana cusa washa, ɗan siririn zoben ƙarfe, yana cirewa a bayan tayar, har ta dubi gaba sak kamar 'yar'uwarta.

"Kada ka motsa," yakan ce daga ƙasa. "Kada ka yi tari. Numfashin ma rage shi."

Wani lokaci rana na tsaka sai yunwa ta kama Yaya, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce kada Buhu ya sauko awon ya lalace. Ya tafi ya ci ya sha, ya tsaya hira a shagon Mai Fenti, wani lokaci har ya ɗan kishingiɗa. In ya dawo ya tarar da shi a inda ya bar shi, ba ya cewa sannu. Zaren yake fara dubawa.

Buhu ba ya motsi. Yana zaune yadda ya saba zama tun ranar jak, kafaɗarsa ta hagu manne da jikin jirgin, gumi na bin bayansa. Ya daɗe da gane abin da ke damun ƙafar hagu, tun ranar farko ma, don shi yake jin robar tana miƙewa a ƙarƙashinsa. Sau da yawa maganar ta zo masa har baki. Amma faɗinta na nufin ya ce kwankwaso, kwankwaso kuwa na nufin jak, kuma a garejin nan ba a ambaton jak. Ban da haka, me zai dame shi? Shi ne zai zauna a wurin ranar tashi, yadda yake zaune yanzu. An yi wa jirgin ƙafa daidai karkatarsa, kuma a ɓoye abin yana yi masa daɗi, don a duniya babu abin da aka taɓa yi daidai da jikinsa sai wandunan da 'yarsa ke ɗinka masa.

A cikin wannan dogon zaman yakan lumshe ido ya hau sama tun kafin ranar. Ba garin yake son gani ba, ya san garin. Abin da yake so shi ne wurin da ba a tafiya da ƙafa, inda shi da mai gudu duk ɗaya ne, ko da na ɗan lokaci ne. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ya san abin da za a mayar da maganar a layi. Da suka fara gwada jirgin a ƙasa, ba fukafukai, Yaya a gaba shi a baya, jirgin ya miƙe sambal ko kaucewa bai yi ba. Iska ta cika wa Buhu baki, idonsa ya yi ta ruwa, da suka tsaya ya ce iska ce.

'Yar tasa tela ce a cikin gari, tana da shagonta da mijinta. Da ta ji an sa rana sai ta ɗinka masa riga mai kauri mai zif, wai ta ji an ce sama akwai sanyi, ta kawo da kanta ta gwada masa.

"Baba, in kun tashi ka ɗago min hannu. Ta hagu zan tsaya, tunda can kake jingina."

"Ki dai buɗe ido, don da gudu za mu wuce."

An ce baki shi ke yanka wuya, kuma ba lallai ne bakin mai wuyan ba. Ana saura kwanaki kaɗan, Mai Fenti na shafa wa wutsiya jan fenti, 'yan layi sun cika rumfar suna kallo, sai Mai Faci, wanda ba ya iya ganin taro bakinsa ya yi shiru, ya ce:

"Ni dai in gaskiya za a bi, Buhu ne matuƙin jirgin nan. Wa ya kai shi daɗewa a ciki? Injiniya kullum yana ƙasa yana rarrafe, Buhu na sama kamar mai gida."

"Ai jirgin 'yan'uwa zan rubuta a jiki," in ji Mai Fenti. "Gobe in aka ce su wa suka tashi, a ce su biyu."

Kowa ya yi dariya ban da Yaya. Ya naɗe zarensa a hankali a jikin ɗan katakonsa, ya sa a aljihu, ya ce kada a rubuta komai. Buhu ya ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi, ya sha jinin jikinsa, amma ya ce wa kansa ai magana ce, ta wuce.

Ranar tashi da safe aka jawo jirgin ta wutsiya a bayan motar kaya, aka ɗaura masa fukafukai a bakin wata tsohuwar hanya da aka daina bi a bayan gari. Doguwa ce, miƙaƙƙiya. Ta dama da ita akwai lambatun siminti da ruwa ya daina bi, ta hagu kuma fili ne da tulin yashin wani gini da aka fara aka bari. Mutane sun zo fiye da yadda aka zata: 'yan layin gareji da iyalansu, masu wucewa da suka faka motoci, da masu ɗaga waya sama suna ɗaukar hoto. Buhu ya sa rigarsa mai zif tun daga gida, yana gumi a ciki, ya ƙi cirewa. 'Yarsa na tsaye ta hagu kamar yadda ta ce.

Ya kama gefen jirgin, ya sa hannu zai ɗaga ƙafarsa, sai ya ji muryar Yaya.

"Ina za ka?"

"Wurina, Yaya."

"Sauko. Ba da kai zan tashi ba."

Buhu ya yi murmushi, don ya ɗauka cikin wasannin Yaya ne marasa daɗi. Yaya kuwa ya juya wajen taron, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Jama'a, tashin farko ba wasa ba ne. Ba na ɗaukar mutumin da in jirgi ya girgiza zai ƙanƙame ni yana kiran Inna. Nauyinsa nake so, ba shi ba, nauyi kuwa ga shi can tuli guda." Ya nuna yashin. "Yashi ba ya ihu, ba ya amai, in mun sauka ba zai zagaya gari yana cewa shi ya tuƙa ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.  'Yar Buhu ta matso.

"Baffa, ai ka yi masa alkawari."

"Ke, da ubanki nake ko da ke? Koma inda kike tsaye."

"Yaya," in ji Buhu a hankali, "ko zagaye ɗaya ne. Ba zan motsa ba. Ka san ba na motsi."

"Na sani. Shi ya sa yashi zai iya aikinka."

Ba su zo da sikeli ba, amma Yaya ya riga ya shirya abinsa tun daga gida, alamar ba yau ya yanke shawarar ba. Ya sa aka sauke duro da dogon katako da buhuna fanko daga motar. Aka kwantar da duron, aka gitta katakon a kai. Ya ce Buhu ya zauna a ƙarshe ɗaya, a riƙa ɗora yashi a ɗaya ƙarshen har su yi daidai.

Ya kamata Buhu ya ƙi. Ya kamata ya kama hannun 'yarsa su tafi, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Amma wanda aka yi shekara da shekaru ana ce masa zauna yana zama, jikinsa yakan riga kansa jin magana. Ya je ya zauna a kan katakon, a gaban kowa, cikin sabuwar rigarsa. Kanikawa biyu suka riƙa cika buhu da shebur suna ɗorawa. Na farko bai ko girgiza shi ba, aka yi shewa. Na biyu ma haka. Wani daga baya ya ce a kira tifa. Ana cikin na uku katakon ya fara rawa, sannan a hankali ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya ɗaga sama abin da bai fi kamu guda ba, yana reto, hannayensa riƙe da katako.

"To ga shi ka tashi," in ji Yaya. "Kowa shaida ne na cika alkawari."

Wannan dariyar ta fi ta farko, don har waɗanda suka sunkuyar da kai sun kasa riƙewa. Buhu bai dubi kowa ba sai 'yarsa. Ba ta dariya, ba ta kuka, ta rufe baki da hannu tana kallon ubanta yana lilo a kan katako, kuma wannan kallon ya ƙona shi fiye da dariyar. Bai taɓa sanin yana ƙin yayansa ba sai a lokacin. Da yana ce wa abin tsoro, ko girmamawa, ko sabo.

"Sauko ka loda su," in ji Yaya. "Kai ka san wurin."

Kanikawan suka taya shi ɗaga buhunan, shi ya shirya su a kujerar. Duk da abin da ke cin zuciyarsa, hannunsa ya tura su hagu, ya jingina su da jikin jirgin, daidai inda kafaɗarsa ta goge fenti, yadda shi yake zama. Robar hagu ta yi ƙarar da ya sani, fukafukan suka kwanta daidai. Ciki ɗaya suka fito, bai shirya ganin jinin yayansa a kan kwalta ba. Ya ɗauko igiya zai ɗaure, sai Yaya ya leƙo.

"Wannan wane irin lodi ne? Kai komai naka a karkace yake? Mayar da su tsakiya."

"Yaya, gara a bar su haka. Ƙafar hagun nan..."

"Ƙafar hagu na gama da ita tun kana gyangyaɗi a sama. Kai za ka koya min ƙafar jirgina?"

"Ba jirgin ba ne, Yaya. Ni ne. Tun ranar da jak..."

Bai ƙarasa ba. Yaya ya matso har yana jin hucinsa, ya rage murya, amma ba yadda na kusa ba za su ji ba.

"Jak ɗin da ka shura da ƙafarka? A nan za ka tayar min da shi, gaban mutane? Da ka iya kwanciya daidai a ƙarƙashin mota da ba ka zame min kaya ba. Mutumin da ya kasa kula da ƙafarsa shi zai ba ni shawara a kan ƙafar jirgi? Daidaita su, ka ɗaure, ka ba ni wuri."

Idonsa na kan goshin Buhu, kamar kullum.

Buhu ya dubi buhunan. Sannan ya ce, "To, Yaya."

Ya jawo buhunan tsakiya. Bai yi aikin ganin ido ba. Ya auna da tafin hannu daga dama, ya auna daga hagu, ya bubbuga su suka zauna, ya ɗaure su tamau yadda ko jirgin ya kife ba za su gusa ba. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyau haka ba. Da ya ja baya sai ya ga abin da ya san zai gani. Ƙafar hagu, wadda aka ɗaure don ɗaukar mutumin da ba ya ciki, ta miƙe ta ɗaga fiffikenta kaɗan, tayarta ta tsuke ta leƙa ciki, wajen dama, wajen lambatu. Kaɗan ne ƙwarai. Zare zai nuna, amma zaren na aljihun Yaya, Yaya kuwa yana ɗaga wa jama'a hannu.

Buhu ya je ya tsaya kusa da 'yarsa.

"Baba, mu tafi gida."

"Bari mu ga tashin Baffanki."

Wani bakanike ya juya farfela, fankar da ke hancin jirgin, da hannu, injin ya yi tari ya kama. Aka janye duwatsun da ke tare da tayoyi. Jirgin ya fara tafiya a hankali yana rangaji, mutane na tafi. Tun a nan Buhu ya ga hancinsa na neman dama, ya ga Yaya na dawo da shi. Mai hankali a nan zai tsaya ya sauko ya duba. Amma wayoyi na sama, kuma Injiniya bai taɓa saukowa gaban mutane ya ce akwai abin da bai daidaita ba. Sai ya ƙara wuta.

Gudu ya ƙaru, jan ma ya ƙaru. Wutsiya ta ɗaga, 'yar tayar baya da ke riƙe shi a hanya ta saki kwalta, sai jirgin ya yi dama kamar an fizge shi. Yaya ya maido shi hagu da ƙarfi har ya wuce gona da iri, jirgin ya sake komawa dama fiye da na farko, tayoyi na kuka. Tayar dama ta faɗa lambatu. Ƙafar ta karye, fiffiken ya daki siminti ya naɗe, farfela ta tarwatse, jirgin ya juya ya tsaya a kan hancinsa da gefensa. Bai bar ƙasa ko da kamu guda ba.

Wurin ya yi tsit, sannan aka ji ihun Yaya daga nesa, siriri, ba tsayawa. Kowa ya ruga, har 'yar Buhu. Suka jawo shi suka kwantar da shi a gefen hanya, ƙafarsa ta dama a juye daga kwankwaso ta inda ƙafa ba ta juyawa. Mai Faci ya riƙe masa kai ya ce kada ya motsa har a kawo mota, kuma da gangan ko ba da gangan ba, ya riƙe kan ne yana fuskantar inda jirgin ya taso.

Hanyar ba kowa a kanta sai mutum ɗaya. Buhu na tahowa, bai yi sauri ba don ba ya iyawa. Ya taka hagu, ya jawo dama, jikinsa duka ya zube hagu, ya sake takawa. Hanyar na da tsawo. Babu akwatin kayan aikin da Yaya zai leƙa, babu bango, kansa kuma a riƙe yake. Ya kalli tafiyar tun daga farko har ƙarshe, kuma kafin Buhu ya iso ihun ya tsaya, don ya ga robar da ya zaga, ya ga daɓen da ya fasa, ya ga washar da ya yi ta cusawa yana cirewa.

Buhu bai tsaya a kansa ba. Ya wuce wajen jirgin, ya leƙa kujerar baya. Buhunan na nan a tsakiya, igiyar ba ta saki ba. Ya dubi fiffiken da ya naɗe da ƙafar da ta karye, ya san ba mai sake tayar da wannan jirgin, ya san kuma shi da sama sun yi sallama. Baƙin ciki ya kama shi. A ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani daɗi mai sanyi, kuma bai ji kunyarsa ba. Ya dafa buhun sama sau ɗaya, sannan ya dawo.

"Kai ne," in ji Yaya, haƙoransa na haɗuwa. "Ƙafar hagu. Kai ne."

"Ni ne, Yaya."

"Ka sani, ka bar ni."

"A hagu na ɗora su. Kai ka ce in daidaita."

Motar kaya ta iso da baya. Aka ɗauko katakon nan da aka auna Buhu a kai, don shi ne kawai abu mai tsawo a wurin, aka fara tura Yaya a kansa. Da aka taɓa kwankwason sai ya ƙanƙame hannun Mai Faci, ya ƙwala ihu yana kiran Inna.

"Daina motsi, Yaya," in ji Buhu. "Dubi yashin, ko uffan bai ce ba."

Ba wanda ya yi dariya. Aka ɗaga katakon, Buhu ya biyo su yana jan ƙafa har bakin motar, ya sunkuya daidai kunnen yayansa, murya a kwance kamar mai ba da shawarar arziki.

"In ya haɗe, kada ka zauna ta dama. Ta hagu ake jingina. Za ka saba."

Motar ta tafi, mutane suka bi ta, wasu suka tsaya suna ɗaukar hoton jirgin. 'Yarsa na tsaye a gefe, ta ji duk abin da aka faɗa, tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Baba, da gaske ka sani?"

Buhu ya kai hannu wuyansa. Yana kokawa da zif ɗin rigar, ya maƙale a wuya, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Zo ki zuge min wannan," ya ce. "Ƙasa ba sanyi."